Raƙumin Cikin Waya

Shekara goma sha tara raƙumina na zagaya turmi,
ido a ɗaure, yana matse riɗin Gadarif.
Bai je ko'ina ba. Ni ma haka.

Rumasa'u, autata, ta zo da waya mai tsagaggen gilashi:
"Baba, an buɗe sabon dandali,
ko mutum ɗari babu daga garin nan."
Na ce, "Wa ke kasa kaya a kasuwar da ba ta ci ba?"
Ta ce, "Wanda ya yi sammako
shi ke zaɓen gindin inuwa."

Na ƙyale ta.
Ta ɗauki kukan muciya a cikin turmi,
ta ɗauki man yana tsiyaya kamar zuma,
har da tsakin da nake ja in ƙuda ya faɗa.
Sati uku, mutum bakwai suka kalla.
Biyu ƙannen uwarta ne.

Sai wata mai abinci a Kasala ta nemi jarka huɗu.
Sai Bur Sudan.
Sai wani direba ya tsaya da lodin albasa,
wai ina raƙumin nan na cikin waya?

Bana Attahir maƙwabcina ya buɗe nasa shafin,
ya wanke raƙuminsa, ya rataya masa ƙararrawa.
Ya tarar inuwa ta cika.

Jiya da dare na ga Rumasa'u a bakin ƙofa
tana leƙa wani sabon dandalin,
fayau, babu kowa.
Ban ce uffan ba.
Na je na ƙara wa raƙumi tunkuza.