Gonar Gilashi

Gabas da Kafin Madaki, hayin rafi,
inda ɗorawar kakana take,
yanzu rana ake nomawa.
Ba garma, ba iri, ba jiran damina.
Gilashi ne sahu-sahu kamar masallata,
sai dai alƙiblarsu kudu.

Da igiyar awo suka zo.
Ɗorawa goma sha ɗaya, kaɗanya bakwai, tsamiya guda,
kowacce aka yanka mata kuɗi.
Na ce, inuwar fa?
Mai rubutu ya duba takarda ciki da bai,
ya ce ba a bar mata gurbi ba.

Diyya ta rufa mini ɗaki biyu da kwano,
ta sayi babur, babur ya mutu.
Ƙasa ba ta mutuwa,
shi ya sa ita suka zaɓa.

Hansai ta kife tukunyar daddawa,
kalwa sai an je Soro, mudu ya fi ƙarfinta.
Bara Hamma Siddi ya gangaro da shanu,
ya tarar waya ta tsinka burtali,
ya ratsa ta dawar Ilu.
Mutanen da suka sha fura a ƙwarya ɗaya
yau alƙali ke gaisar da su.

Ba zan ci amanar gaskiya ba:
ɗana Cindo yana da albashi.
Kullum asuba yana wanke wa gilashi fuska
da ruwan da ya fi na randarmu kyau.
Asibitinmu ya samu firiji,
allurar jikanyata ta iso da sanyinta.

Amma in dare ya yi
manyan wayoyi na ratsawa ta kan rufina,
suna gunaguni kamar zuma a amya,
suna kai wa birni abin da aka girbe,
ni ina buga tocila a tafin hannu
ko batir zai farfaɗo.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Jiya Cindo ya shigo da gwangwanin tumatir,
ciki ɗan tsiron ɗorawa, ganye huɗu.
A ƙarƙashin gilashi ya fito,
an ce a cire duk ciyawa.
Bai ce komai ba, ya ajiye kusa da buta.
Na dasa shi bayan rumbu,
rumbun da babu kowa ciki sai gafiya,
na kewaye shi da ƙaya saboda akuyar Hansai.