La'adar Mai Ƙofa

A Radovljica, gindin duwatsu masu rawanin ƙanƙara,
Nežka Podobnik ta kwana uku ba ta runtsa ba.
Manhajarta 'yar ƙarama ce:
tana gaya wa masu kiwon zuma ranar da itatuwa za su yi huda,
da ranar da ƙwaro zai faɗa wa amya.
Yuro biyu a wata.
Mutum ɗari huɗu da tara suka saya,
rabinsu tsofaffi, yatsu duk kanta.

Kasuwa ɗaya ce a cikin wayar, ƙofarta ɗaya,
mai ƙofar bai taɓa jin harbin zuma ba,
amma cikin kowane goma yana zare uku.

Sai ta ƙara layi guda: "Kuna iya biya ta shafina."
Da asuba amsa ta iso, ba suna, ba gaisuwa:
An ƙi. A duba sashe na uku.

Ƙanenta Gašper, mai gyaran waya a Kranj,
yana feraye tuffa, bai ko ɗago kai ba:
"Kin manta da mama?
Manhajar bogi ta lashe mata fanshon wata biyu.
Katangar da kike zagi ita ke hana kura shigowa."

"Katanga, na gode mata.
Amma wayar nan da gumina na saye ta.
Ina aka taɓa sayar maka da gida, a riƙe mabuɗi,
a ce in ka soya ƙwai, gwaiduwar ta mai gadi ce?"

"To wa ya kawo miki masu saye?"

"Ƙafata. Taro tara, cikin sanyi,
ni na riƙa danna musu da hannuna."

Ya miƙa mata rabin tuffar. Ta karɓa.

Da hantsi ta fita bayan gida,
ta busa hayaƙi, ta ɗaga murfin amya.
Saƙa ta yi nauyi. Ta tsaya da wuƙa a hannu,
tana lissafin nata kason
daga aikin da ba ita ta yi ba.
Kakanta kan ce a bar musu na hunturu tukuna.
Ta yanki kaɗan.

Su dai in zama ya ishe su,
sarauniya ta tashi, su ɗunguma bayanta,
ba wanda suke cike wa takarda.

Da dare ta goge layin, ta sake aikawa.
Allon ya ce: Ana dubawa.
Yatsanta, mai danƙon zuma, ya bar tabo a kan kalmar.