Durowa ta Arba'in da Bakwai

Ƙarfe takwas a Tring, yayyafi bai ɗauke ba tun jiya.
Na sa safar hannu, na jawo durowa ta arba'in da bakwai.
Audugar ciki ta yi ja don tsufa,
a kanta ƙwai guda ɗaya tal,
ya ɗara tafin hannuna tsawo,
fari, da ɗigon ja a gindinsa
kamar mai cin goro ya yi atishawa kusa da shi.

Takardar da ke gefensa ta ce:
tsibirin kudu, watan Disamba,
shekarar da ko kakana ba a raɗa wa suna ba.
Wani matuƙin jirgin ruwa ya huda shi da allura,
ya hura, gwaiduwa ta bi teku.
Na ɗaga shi. Sakayau.
Shekara ɗari da 'yan kai,
mai ɗakin nan bai iso ba har yau.

Madam Ollerton ta leƙo ta saman tabarau:
uwarsa albatros ce, in ji ta,
guda take yi, sai bayan shekara biyu ta sake.
Na tuna zabin Inna a Ɗanja,
masu zube ashirin cikin ciyawa su tafi yawonsu,
a kwashe a kai wa kaza ta sha wahalar.
Ita wannan laka take cuɗawa da ciyawa,
ta gina tudu kamar an kife turmi,
ta hau ta zauna, iska na marinta hagu da dama.
Mijin ya tafi teku, mako biyu babu labari.
In ya dawo ba doguwar gaisuwa,
su goga baki, ta sauka, ya hau.
Kwana saba'in da wani abu ana wannan karɓa-karɓa,
ƙwan bai san akwai sanyi a duniya ba.

Durowa ta gaba, fengwin mai tukku.
Biyu take yi: na farko ƙarami, na biyu ƙato,
ƙaton ake rungumewa,
ƙaramin ya gangara inda ya ga dama.
Ni ne ɗan fari a ɗakinmu.
Na rubuta lambarsa da kyau, ban ce uffan ba.

Akwai kuma mai haƙa rami kamar gafiya,
ba ya komawa gida sai duhu ya rufa,
ramuka dubu a jikin tudu ɗaya,
amma hancinsa bai taɓa kai shi ƙofar maƙwabci ba.

Biyar da rabi, bas ɗin Aylesbury,
tagogi sun yi gumi, kowa ya rungume jakarsa.
Na tarar da Hansatu a bakin ƙofa,
ta riga ta sa shuɗin kayan asibiti,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.
"Ya sha madara. Hancin bai buɗe ba.
Maganin na kan firij, kar ka wuce cokali."
Goshinta ya taɓa kafaɗata, daƙiƙa biyu ko uku,
ta miƙo shi, na karɓa,
ta faɗa cikin ruwan nan, sai asuba.

Shekara tara muka jira Jabiru.
An kira waya, an aiko da rubutu da sassaƙe,
har masu tambaya suka gaji suka koma tambayar lafiyar aiki.

Na kashe fitila.
Gurbin da ta bari a katifa da sauran ɗumi,
na kwanta daidai cikinsa
kafin ya huce.
Yaron na kan ƙirjina, yana minshari ta hanci ɗaya,
yawunsa na jiƙa mini riga.
Yini guda ina ɗaga abin da ba shi da nauyi.
Wannan kuwa, wallahi, har hannuna ya yi tsami,
ban gyara ba.