Fitilar da Na Kashe

A garejin Jatau, bayan babbar kasuwar Garwa,
inda baƙin mai ya sha ƙasa har ciyawa ta yi ƙaura,
can na iya riƙe sifana tun gemu bai san hanyar haɓata ba.

Jatau kan ce motocin zamanin ubansa
sitiyarinsu mashi ne da aka naɗa wa gammo:
in hanci ya daki kuka, ƙirjin direba ke biyan bashi.
Aka kawo bel, mutane suka ce su ba awaki ba ne.
Daga baya aka kawo jaka,
aka ninke ta a cibiyar sitiyari
tare da ɗan gari, ɗan'uwan albarushi.
Shekara goma tana barci
don ta farka sau ɗaya tak,
ta riga ƙiftawar ido,
ta shiga tsakanin mutum da ƙarfe kamar mai rabon faɗa.

Amma motocin da ke hauro mana daga Duwala
zawarawa ne, sun ga duniya.
Wata jakarta ta fashe tun a ƙasar sanyi.
Wata garinta ya sha zafi da raɓa ya lalace,
in ta tashi, da tsingaron ƙarfe take tashi.
An ce masu ƙera ta sun rubuta wasiƙa: a dawo da ita.
Wasiƙar ta je wa mai ita na fari.
Wace wasiƙa ta san hanyar Binuwai?

Jakar iska ɗaya, jakar sefa ɗari.
Dillali ya ji kuɗin, ya yi dariya,
ya nuna 'yar fitilar da ke ja a gaban direba:
"Yaro, rufe mata baki."
Na zare ƙwan, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Ramin kuwa, don kada ya yi amon ƙwarya,
na cusa masa tsohuwar rigata ta ƙwallo, mai lamba tara.
Aka ba ni kuɗin shayi. Har da madara na sha.

Hamajoda ne ya saye ta,
malamin asibitin da ke zuwa Figil duk Litinin.
Wata bakwai tana kai shi tana dawo da shi.
Ran da motar auduga ta tsaya babu fitila
a kwanar da ke gaba da Pitowa,
jakar ba ta farka ba.
Riga ba ta farkawa.

Bai mutu ba.
Amma numfashinsa yanzu sarewa ce mai tsaga,
ana jin zuwansa kafin sandarsa ta iso.
Da aka jawo gawar motar garejinmu
ni na buɗe sitiyarin.
Lamba tara ta dube ni.
Shi kuma ya tambaya, a hankali, ba da faɗa ba:
"Na ji an ce tana da jaka. Me ya hana ta?"
Jatau ya ce ƙaddara.
Ni na sunkuya ina neman ƙusar da ba ta ɓata ba.

Yau ina da rumfata a Rumde Ajiya.
Duk wanda ya zo, sai na ce murɗa makulli mu gani:
fitilar ta kama, ta yi jim, ta mutu don kanta.
In ba ta kama ba sam, wani yaro ya sha shayi.
Ɗaura bel, jaka ba ta aiki ita kaɗai.
Mai da ɗanka baya, naushinta ya fi ƙarfin wuyansa.
Wasu su ce na cika wa'azi, su koma gun maƙwabcina.

Rigar tana nan a ƙusa, sama da akwatin sifanu.
Yarana na so su goge hannu da ita.
Nakan ce a'a,
ban taɓa gaya musu dalili ba.