Huɗu Su Tafi, Uku Su Dawo

Kafin in duba mai, kafin in duba ruwa,
kafin in shuri taya in ji amsarta,
akwatin bayan kujera nake fara buɗewa:
zanen gado huɗu, bargo biyu, matashi uku.
Sannan in tayar da mota.

Samarin tasha suna tsokanata,
wai motar asibiti ce ko ɗakin kwana.
Ina ƙyale su.
Ba sa nan a daren Malam Barau.

Daga kan rumbu ya faɗo, tsakar damina,
ƙugu ya goce.
Muka kwantar da shi a gadon ƙarfe,
katifar ta mutu tun bara, ba a yi mata magaji ba.
Daga garinmu zuwa Jahun rami tamanin da bakwai ne.
A daren na ƙirga su,
don kowane ɗaya sai da ƙeyarsa ta amsa: ƙwal.
A bakin kwalbati ya ce, "Yaro, tsaya.
Ƙugun nan daga Allah ne, na karɓa.
Wannan ƙarfen fa, daga wa?"
Na tuɓe rigata, na naɗe, na cusa ƙarƙashin kansa.
Da singileti na shiga Jahun,
sauro na walima a kafaɗata.

Da gari ya waye na nufi gidan Uwale.
Tana da audugar rimi a tulu tun rani.
Ta zauna ta tsince ƙwaya ɗaya bayan ɗaya,
ta ɗura a buhun fulawa mai wanki uku,
ta yi masa rigar leda, ta ɗora ta yadi.
Ita ke wankin har yau.
Ta ce jini ruwan sanyi yake so,
amai kuwa sai sabulu da rana mai zafi.
Ba ta taɓa tambayar na wane ne ba.
Takan shanya a kan danga,
ta zauna da kara a hannu saboda awaki.

Abin dai, ba sa dawowa cif.
Huɗu su tafi, uku su dawo.
Sabitu mai sito ya buɗe littafi, ya gyara tabarau:
"Ɗayan fa?"

Ɗayan yana Dutse,
ƙarƙashin yaron da kububuwa ta sara a gonar riɗi.
Wa zai janye zane
daga ƙarƙashin mai numfashi sama-sama?

Na bara kuwa, a tsakiyar fadama
Lantana ta ce ba za ta kai ba.
Na kashe inji, na fita, na ba motar baya,
na tsaya ina kallon shinkafa kamar ni na shuka ta.
Can ungozoma ta ƙwanƙwasa gilashi: "Miƙo zane."
Yarinyar tana rarrafe yanzu.
Tamota suke ce mata.

Akwai wanda na shimfiɗa a ƙarƙashin mutum,
kafin mu kai Kiyawa
na ja shi sama har ya rufe fuska.
Shi ban ce a dawo mini da shi ba.

Layi biyu ne a littafin Sabitu:
ya dawo, ya ɓace.
Na ce, rubuta ya ɓace.
Ranar kasuwa na haƙura da goro da tsire,
na yanko yadi biyar, fari, marar tsada.

Ban iya allura ba, ban san sunan ƙwaya ba.
Abin da na iya shi ne ɗaga ƙafa kafin rami,
da tura wa kan mutum abu mai laushi.

Ga wayar ma tana kuka.
Hadari ya haɗo daga gabas,
biyu ne kacal suka bushe a dangar Uwale.
Na ɗauki biyun.
Na ukun na baza a kujerar gaba, na sauke gilashi,
iskar hanya ta ƙarasa.