Dogon Hannu

Sha ɗayan dare, ina zaune a Unguwar Dosa,
shayi ya huce, sauro na zagaya fitila,
amma hannuna yana Kakuri.
Ya haye gada bai biya mai keke ko sisi ba.

Kwamfuta arba'in da biyu
a zauren jarrabawa, bayan tsohuwar masaƙa.
A allona ƙananan tagogi ne a jere,
kowace da ɗigon kore a goshi, shaidar tana da rai.
Na ce su farka, suka farka.
Na ce su haɗiye sabuwar manhaja, suka haɗiye,
ba mai tauna, ba mai tofarwa,
sai ta sha bakwai, mai kunnen ƙashi tun ranar da aka sayo ta,
ita sai an faɗa mata sau biyu.

A unguwar nan mahaifina ya ƙarar da ƙarfinsa.
Injin saƙa takwas yake kiwo,
yana zagaya su, auduga maƙale a girarsa,
ya ɗora tafi a jikin ƙarfe ya ce, wannan zazzaɓi take yi.
Ran da na nuna masa aikina ya daɗe yana kallo,
sannan ya ce, "A zamaninmu,
in an ce mutum na da dogon hannu
ba yabonsa ake yi ba."

Yau taga ta talatin ta motsa.
Kibiya na tafiya, ba ni ke jan ta ba.
Na buɗe.
Wani ne ke rubutu da yatsa ɗaya.
S. H. E.
Shiru mai tsawo, ana farautar K a cikin baƙaƙe.
Shekari ne, maigadinmu,
wanda na ɗauka tocila da sanda kawai ya sani.

Ranka ya daɗe, ya rubuta,
shekara tara ban kwana a gidana ba.
Ina roƙon a maida ni aikin rana.

Doka a bayyane take, ni ma na sa mata hannu:
na'urar da aka taɓa bayan an tashi, a kulle ta, a kai rahoto.
Ga makullin ƙarƙashin yatsana,
dannawa ɗaya allonsa ya yi baƙi.
Ina ganinsa, ba ya gani na.
Ko harafin da ya ɓata zan iya gyara masa daga nan,
sai dai kibiya mai tafiya da kanta tsakar dare
za ta fitar da dattijo waje ba takalmi.

Na ja hannuna.
Na rufe tagar kamar wanda ya wuce ɗaki a buɗe
ya sunkuyar da kai.

Can sai aka ɗauke wuta.
Koren nan duka ya koma toka,
hannuna ya dawo iyakar tsawon da aka haife shi da shi,
daga kafaɗa zuwa kofin shayi.

Na kira shi a waya. "Baba, a taimaka da janareta."
Na ji takalminsa a kan tsakuwa,
na ji igiya, sau ɗaya, sau biyu, tari, tsaki,
a na uku ta kama.
Ɗigo ɗigo suka dawo, ta sha bakwai a ƙarshe.
Kafin ya ajiye ya ce, a hankali,
"In wuta ta tafi, abin da ke ciki yakan tafi?"

Na ce ba kullum ba.

Ban gaya masa ba, kafin in rufe tagar
abu ɗaya na taɓa:
na adana takardar, na sa mata sunansa.
Baba, ka yi haƙuri,
iyakar satar da na yi ke nan.