Aci-bal-bal Ɗari da Takwas

Tun rasuwar Inna ba wanda ya tambaye ni aci-bal-bal.
Tukwanen fure nake ginawa a Naraguta,
da asusun yara, da kaskon turare.
Sai ga mota a ƙarshen damina,
dattijuwa ta fito, jan ɗigo a goshinta,
Hemlata sunanta, Hausarta ta kanti.
Ta lanƙwasa tafin hannunta ta ce, "Kamar haka.
Ɗari da takwas. Ki yi musu baki, inda lagwani zai kwanta."

Na ce, "Ku da kuke da janareto?"
Ta yi dariya har mayafinta ya zame.

Kwana tara ina murza yumɓu,
babban yatsana ya tuno abin da kaina ya manta.
Biyu suka fashe a wuta, na gina uku a madadinsu.

Ranar da na kai kayan Rayfield
gidan a share yake har bayan firji,
katanga na warin sabon fenti,
jikarta durƙushe a bakin ƙofa
tana zuba fure da garin shinkafa mai launi.
"Diwali ce yau, baƙuwa muke jira," in ji ta.
"Lakshmi ba ta shiga gida mai duhu, ba ta shiga mai datti."
Haka Inna ke cewa game da arziki,
da tsintsiya a hannunta, tun kafin asuba.

Maigidan ya rufe tsohon littafin lissafi,
ya buɗe sabo mai jan bango,
ya ɗora masa sulalla da furen rawaya.
Da suka kaɗa ƙararrawa suka soma tasu addu'ar,
maigadi ya ara mini tabarma,
na yi magaribata a baranda.
Ba wanda ya jira wani, ba wanda ya hanzarta wani.

Daren ba wata. An ɗauke wuta kamar yadda aka saba.
Sanyin Jos ya sauko daga duwatsu ya kama yatsu.
Muka bi layi muna tsiyaya mai,
tana kunna kowace daga bakin 'yar'uwarta,
matakala, taga, gindin fiya, kan rijiya,
har yumɓun Naraguta ya zama gari guda mai ƙiftawa.

"Wani ɗan sarki aka kora daji," in ji ta,
"shekara goma sha huɗu.
Daren da zai dawo duhu ya yi yawa,
sai kowa ya fito da 'yar fitilarsa
don kada ya ɓace a ƙofar garinsu."
Ta gyara wani lagwani da farce.
"Ba fitila ke korar duhu ba. Yawanmu ne."

Tun safe ta bi gida-gida da faranti,
wani alkaki nasu mai ɗigar zuma,
tana cewa, "In kun ji ƙara da dare, wasan yara ne."
Ta san garin da take.
A Jos ƙara ba ta shiga kunne ita kaɗai.
Duk da haka, da na farko ya tashi,
sai da na dafe ƙirji.

Ta ƙirga kuɗina, ta ƙirga fitilunta,
ɗaya ta yi saura. Na ƙulle ta a gefen zane.

Sallau ƙanena ya bar garin nan shekarar hayaƙi,
ya rantse ƙafarsa ba ta ƙara taka Farar Gada.
Nasa ya wuce goma sha huɗu.
Ba ɗan sarki ba ne, faci yake yi a Azare.

Na tsinko auduga daga tsohon matashi,
na murza a cinya yadda Inna ke yi,
na zuba man gyaɗar miyar gobe,
na ajiye a dokin ƙofa.
Iska ta kashe. Na kunna.
Ta sake kashewa. Na kāre da tafin hannu.

Maƙwabciyata Tasalla ta leƙo ta katanga:
"Lafiya, da tsakar daren nan?"
Na ce, "Gwadawa nake, ko tana yoyo."